Ni ake yi wa dariya, ko tare da ni ake yi?

Assalamu alaikum wa rahmatullah, Hajiya.

Ina gaishe ki da fatan kina cikin ƙoshin lafiya, ke da iyali da abokan aikinki. Allah ya saka miki da alheri bisa ɗawainiyar da kike yi da matsalolin jama'a. Daga birnin Gilasgo na ƙasar Sikotlan nake rubuto miki, kuma ta intanet nake sauraron shirinki, galibi a cikin bas idan na taso daga aikin dare. Ina roƙon ki sakaya sunana. Akwai maganar da ban faɗa wa mahaifina ba tukuna, ba na so ya tsince ta a bakin duniya.

Ni Bazazzagi ne, shekaruna 29. Wasan kwaikwayo na karanta a Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru. Duk wanda ya bi ta wannan sashe ya san Drama Village, filin wasan nan na ginin ƙasa da bukkoki suka kewaye, sama a buɗe. A nan na koyi sana'a. Amma tun kafin jami'a tashe ne ya fito da ni. Goma ga azumi in ta yi, ni ne mai manna gemun auduga, in cusa tsumma a ciki, mu bi gida gida ana ba mu hatsi da 'yan kuɗi. Ban taɓa tsayawa gaban mutane gabana ya faɗi ba sai da na zo ƙasar nan.

Karatun digiri na biyu ne ya kawo ni, kuma sai da mahaifina ya sayar da filinsa aka cika kuɗin makaranta. Bizar ɗalibi a Birtaniya ta hana mutum yin wasa a biya shi, saboda haka shekara guda cur ban taka dandamali ba. Da na gama aka ba ni bizar shekara 2 da ake bai wa waɗanda suka kammala karatu, ita ce ta sakar mini mara. Da dare ina aiki a gidan kula da tsofaffi, da rana ina zuwa duk inda na ji ana tantance 'yan wasa. Wata takwas ina wannan zirga-zirga kafin wata ƙaramar ƙungiya ta mutum biyar ta ɗauke ni, don wani wasan barkwanci da za su kai bikin Fringe na Edinbura.

Hajiya, wannan biki sai wanda ya gani. Tun 1947 ake yin sa. Asalinsa ƙungiyoyi takwas ne suka zo babban bikin wasanni na birnin ba tare da an gayyace su ba, suka nemi 'yan wurare a gefe suka yi nasu. Har yau a haka yake tafiya: babu mai tantance ka, in ka sami ɗaki ka biya kuɗin rajista, to ka shiga sahu. Duk watan Agusta, kusan mako uku, wasanni sama da 3,000 ake yi a gari ɗaya. Coci, ajin makaranta, bayan mashaya, ko'ina ya zama gidan wasa. Mu wani ɗaki muka samu a ƙarƙashin ƙasa mai kujera 60, awa guda kullum, muna gamawa a kwashe kayanmu a shigo da wasu. Da safe mu fita titin Royal Mile da takardun talla, ruwa na dukanmu, muna kiran masu wucewa kamar 'yan kamasho a tashar mota. A irin wannan cunkoso babu abin da ke sa mutum ya sayi tikitinka kamar taurari. Jaridu da shafukan intanet suna turo masu sharhi, su kalli wasa su yanke masa daraja, daga tauraro ɗaya zuwa biyar. Wanda ya sami huɗu ko biyar, kafin azahar ya buga su a takarda ya manna a kan fostarsa. Wanda ya sami biyu sai ya yi gum da bakinsa, ya roƙi Allah kada kowa ya gani.

Wasan namu labarin wani ƙaramin otal ne da ke neman durƙushewa, ni kuma mai gadin dare, baƙo daga Afirka. A rubuce rawar ba ta da wani nama: in buɗe ƙofa, in rufe, in kasa gane abin da aka ce mini. A wajen gwaji darakta ta ce in kawo wani abu daga gida in ƙara mata armashi. Sai na kawo mata gaisuwar mahaifina.

Mahaifina tsohon malamin firamare ne, kuma ban san mutumin da ke bai wa gaisuwa haƙƙinta kamarsa ba. In ya haɗu da mutum a hanyar masallaci sai ya tsaya cak, ya jingine keke a cinyarsa, ya dafa ƙirji da hannun dama. Ina kwana, ina gajiya, yaya iyali, yaya mai jiki, yaya ruwa, yaya aka ji da hidima. In an ɗan yi shiru sai ya sake ɗaukowa daga farko, kamar yanzu kuka haɗu. Hakimi ne, mai ga-ruwa ne, duk haka yake yi musu. Muna yara mun sha tsayuwa a rana muna jiran ya gama. Wannan na juya zuwa Turanci na ɗora wa mai gadin: ana ihu wuta ta kama a kicin, shi kuma yana dafe da ƙirji yana tambayar manaja lafiyar mahaifiyarta. Ranar da na fara gwadawa, 'yan ƙungiyar suka yi ta dariya har da hawaye. Aka ƙara mini fitowa uku.

Daren farko na sha wuya. A gida 'yan kallo abokan wasanka ne. Lokacin da muke kai wasa ƙauyukan da ke kewayen Samaru, in ka yi ƙarya a cikin wasa wata tsohuwa za ta ɗaga murya ta ce, "Ƙarya kake, ɗan nan!" Kai kuma ka juya ka ba ta amsa, fili ya kaure. A nan kuwa kashe fitila ake yi, su zauna tsit a duhu, ba ka ganin fuskar kowa. Minti goma na farko na zaci sun tsane mu. Ina fara gaisuwa sai ɗakin ya fashe da dariya. Daga ranar, duk inda wasa ya yi sanyi gaisuwata ce ke tayar da shi. Ba zan ɓoye miki ba, na ji daɗi ƙwarai. Na ce wa raina, yau kam wahala ta fara biya.

A rana ta tara sharhi ya fito. Mu huɗu ne muke kwana a ɗaki ɗaya saboda tsadar haya, ni a katifa a ƙasa. Na idar da sallar asuba na ɗauki waya, sauran suna barci, na ga tauraro biyu. Matar da ta rubuta ta ce rubutun wasan ragon aiki ne, barkwancinsa duk an sha ji. Wannan bai dame ni ba sosai. Sai ta ware sakin layi guda a kaina. Ta ce a duk waɗanda ke kan dandamalin ba wanda ya kai ni sanin inda ake yin shiru da inda ake magana, kuma in na fito ido ba ya barina. Sannan ta ce abin takaici shi ne wasan bai taɓa barin mai gadin ya zama mutum ba. Ta ce daga farko har ƙarshe babu ko mutum ɗaya a cikin wasan da ya amsa gaisuwarsa. An dai kira 'yan kallo, waɗanda yawancinsu farar fata ne, su zo su yi dariyar baƙin mutum baƙo da bai san inda duniya ta dosa ba, kuma ɗan wasa mai baiwa ya kwashe awa guda yana ƙanƙantar da kansa don su ji daɗi.

Na zauna a kan katifar nan ina bin wasan a zuci, fitowa bayan fitowa. Gaskiya ta faɗa. Sau bakwai nake gaisuwa a wasan, ba a amsa ko ɗaya. Mun yi wata biyu muna gwaji, ni da na fito daga garin da in ka gaida mutum ya ƙi amsawa sai an kai maganar gaban manya, ban lura ba.

Da farko fushi na yi. Na ce me wannan mata ta sani game da barkwancinmu? Mu ne muke da wasan Kanawa da Zage-zagi, Fulani da Barebari, Gobirawa da Yarbawa, taubasai, jika da kaka. Muna faɗa wa juna maganar da in Bature ya ji a fassara sai ya kira 'yan sanda, mu kuwa zumunci take ƙara mana. 'Yan kama suna kwaikwayon malamai su mayar da wa'azi na tuwo da nama, malaman da kansu su yi dariya. Na rubuta mata doguwar amsa a waya, ban tura ba, har yau tana nan. Abin da ya riƙe hannuna shi ne, ina cikin rubutun sai na ga hujjata ta juyo kaina. A duk waɗannan wasanni namu kowa yana da bakin ramawa. In Bakano ya tsokane ni a tasha, ni ma ina da tawa a aljihu, kuma ya sani. Mai gadina ba shi da bakin ramawa. Sai kuma na tuna da Macukule da muke yi a tashe, mu sa tsumma muna kwaikwayon Bagwari, unguwa ta yi ta ƙyaƙyatawa. Akwai gidan Gwarawa a bayan layinmu. Ko sau ɗaya ban tambayi kaina yadda 'ya'yan gidan suke ji in mun wuce ta ƙofarsu ba. Sai da na zama nine abin kallo a garin wasu wannan tunani ya zo mini.

Abubuwa biyu suka faru bayan haka, su ne suka hana ni tsayawa a kan magana ɗaya.

Wani dare bayan mun tashi ina tsaye a bakin ƙofa da jakar kayan wasa, sai wasu maza uku da suka kalli wasan suka fito, da alama sun ɗan sha. Ba su gan ni ba. Ɗayansu ya dafa ƙirji, ya rusuna har ƙasa, ya kumbura baki yana kwaikwayon gaisuwar da wata irin murya wadda ba tawa ba ce, ba ta kowane ɗan Adam da na sani ba ce. Sauran suna riƙe ciki. Hannun da ya dafa a ƙirji, Hajiya, hannun mahaifina ne. Ni na ɗauko shi daga hanyar masallacin unguwarmu na kawo masa. Daren nan ban iya cin abinci ba.

Bayan kwana huɗu, ranar Juma'a, na haɗu da wani dattijo a babban masallacin Edinbura da ke Potterrow. Mutumin zangon Kumasi ne, ya daɗe a ƙasar nan. Ya ji ina waya da Hausa ya tsayar da ni, muka gaisa, na ba shi tikiti ban ma sa ran zai zo ba. A daren, ban san abin da ya hau kaina ba, ina tsakiyar gaisuwa da Turanci sai bakina ya suɓuce na ce, "Ina gajiya?" Daga can cikin duhu, layin baya, murya ta ce, "Ba gajiya." Sai da na dafa teburin da ke gabana. Na yi shiru fiye da yadda aka tsara, 'yan kallo su ma suka yi tsit, irin shirun da ban taɓa ji a ɗakin nan ba. Da aka tashi ya riƙe hannuna da hannu biyu, idonsa ya cika, ya ce na dawo masa da mahaifinsa da ya rasu. Na tambaye shi kai tsaye ko bai ga wulaƙanci a wasan ba. Ya ce shi abin da ya gani, mutum ɗaya mai tarbiyya a cikin gidan mahaukata, kuma in in daina gaisuwar nan ban kyauta masa ba.

To wasa ɗaya ne, gaisuwa ɗaya ce. Wancan ya fita da abin ba'a, wannan ya fita da mahaifinsa.

Na je wa darakta da maganar. Ban nemi a cire komai ba, abu ɗaya na roƙa: a ƙarshen wasa, manajar ta tsaya ta amsa gaisuwar, ita ma ta tambayi mai gadin lafiyar mutanen gidansa. Ta saurare ni da kyau, ta ce shawara ce mai kyau, amma ba a taɓa wasa ana tsakiyar biki, kuma wurin da nake son taɓawa shi ne ke biyan kuɗin ɗaki. Ba na ɗaukarta muguwar mace. Ajiyarta ta zuba a harkar nan, ita ma a ƙasa take kwana. Amma akwai abin da ta yi da har yanzu yake tsaye mini a rai. Ta yanko jimlar nan guda da aka yabe ni, ta buga da manyan haruffa, ta manna a duk fostocinmu da sunan jaridar a ƙasa, babu taurari biyun, babu sauran maganar. Ta ce kowa haka yake yi, kuma na zagaya na ga lallai haka ake yi. Tikiti ya ƙara tafiya. Ni kuwa kullum in na miƙa wa mutum takardar sai in ji kamar mai sayar da buhun da aka zuba masa mai kyau a baki. Mun yi wasa 24, ƙungiya ta faɗi, kasona bai biya hayar katifar da na kwana a kai ba.

Yanzu ga inda nake. Wani wakili mai nemo wa 'yan wasa aiki ya kalli wasan, ya ce zai ɗauke ni, abin da wasu ke shekaru suna nema. Wurare biyu ya tura ni zuwa yanzu: direban tasi, da kuma ɗan damfara ta intanet. A na biyun aka ce in ƙara kaurin harshe, wai Turancina ya yi tsabta da yawa. Na yi, na fito ina jin ƙyamar kaina. Ita kuma ƙungiyarmu ta sami damar zagayawa da wasan ƙananan garuruwa na tsawon mako shida, da albashi na gaske a karon farko, kuma suna jiran amsata kafin ƙarshen wata. Darakta ta ce za a duba maganar ƙarshen wasan, amma ba ta yi alkawari ba.

Bizata saura wata bakwai. Hanyar da ɗan wasa irina zai iya bi ya zauna ita ce bizar da ake bai wa masu fasaha, wadda sai hukumar Arts Council England ta shaide ka. Suna neman wasiƙu uku daga waɗanda suka san aikinka, da shaidar wuraren da ka yi wasa da abin da jaridu suka rubuta a kanka. A duk faɗin ƙasar nan rubutu ɗaya ne ya ambaci sunana, shi ne wannan da ya ce ina ƙanƙantar da kaina. In na ƙi zagayen, ba ni da wata shaidar da zan ƙara. In na karɓa, zan yi mako shida ina dafe ƙirji a garuruwan da wataƙila ba za a sami ko mutum ɗaya da zai ce "ba gajiya" ba.

Sai maganar da ta fi kowacce nauyi. Lokacin da na zaɓi wannan karatu, 'yan uwan mahaifina sun taru a kansa, suka ce ya bar ɗansa ya zama maroƙi, ɗan wasa ba ya da mutunci, ba mai ba shi mata. Shi kaɗai ya tsaya mini. Ya ce ilimi ne, kuma shi ma da wasa yake koya wa yara karatu a aji. Da na faɗa masa an ɗauke ni a wasa a Edinbura, ya yi ta sa albarka har muryarsa ta shaƙe, ya ce in turo masa bidiyo ya nuna wa abokansa na majalisa. Bidiyon yana wayata. Wata biyu ke nan ina ce masa ba a gama haɗawa ba. Ƙanwata ta kalla, ta yi dariya, sannan ta kira ni ta ce kada in kuskura in tura, don da ganin hannun nan a ƙirji kowa a unguwa zai san wa ake nufi. Ban taɓa yi wa mahaifina ƙarya mai tsawo haka ba, kuma duk ranar Juma'a in na kira shi sai ya tambaya.

Hajiya, ki ba ni shawara tsakani da Allah, ko da ba za ta yi mini daɗi ba. Shin abin da na yi cin mutuncin mahaifina ne, ko kuwa sharhin mace ɗaya da iskancin wasu maza uku ne suka sa nake ganin laifi inda babu? In laifi ne, ta yaya ɗa zai buɗi baki ya faɗa wa uba cewa ya ɗauki ɗabi'arsa mafi kyau ya kai gaban baƙi suna dariya? In tura masa bidiyon ya gani da idonsa, ko in fara yi masa bayani, ko in nemi wani babba ya shiga tsakani? Zagayen nan kuma, in karɓa da sharaɗin sai an amsa gaisuwar a ƙarshe, alhali na san baƙo sabon shiga da ke kafa sharaɗi ana iya maye gurbinsa a kwana biyu? Wasu abokaina a nan suna cewa in kama abin da ya samu, kowa da irin waɗannan rawar ya fara, in ka yi suna sai ka zaɓa. Ina jin tsoron kafin sunan ya zo na saba da rusunawar.

Akwai kuma ita mai sharhin. Fushin ya wuce, amma amsar tana nan a wayata. Wani lokaci ina jin in goge ta in rubuta mata wata, in gode mata, in kuma ba ta labarin dattijon nan na Kumasi, don ta san akwai abin da ita ma ba ta gani ba daga kujerarta. 'Yan ƙungiyarmu sun ce ɗan wasa ba ya rubuta wa mai sharhi, ko godiya ko ƙorafi, zubar da aji ne. Ke ya kika gani?

Ina sauraron amsarki a shiri na gaba in Allah ya kai mu. Ranar 30 ga wata zan ba su amsa. A taya ni da addu'a.

Wassalam,
Ɗanki mai sauraro,
daga Gilasgo